Mai koyon tuƙin jirgi: ya fara a gulbin Yauri ko a ruwan Fatakwal mai cikowa da janyewa?

Ɗan Yelwa:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ruwa, musamman wanda ya taɓa aikin jirgi a kudu.

Ni ɗan Yelwan Yauri ne. Na gama sakandare, aiki bai samu ba, ina taya yayana jiran shago. Yanzu hanya biyu ta buɗe mini lokaci guda. Kawuna, ƙanin Inna, yana da jirgin katako mai injin Yamaha doki 40, yana ɗaukar mutane da kaya ranakun kasuwa. Ya ce in zo in zauna gefensa in koya, amma babu albashi, sai ɗan na sabulu. Shi kuma wani abokin yayana da ke Fatakwal ya bugo waya ya ce ubangidansa na neman yaro a jirgin da ke kai albasa, tumatir da wake zuwa tsibirin Bonny. Za a riƙa biya duk wata, kuma wai in na yi hankali ba da daɗewa ba za a sakar mini inji.

Inna ta ce ba da yawunta ba, ita ruwan teku ba ta yarda da shi ba. Abokin yaya kuwa cewa ya yi ruwan can ya fi namu lafiya nesa ba kusa ba: babu kututture, babu dorina, rafuka ne kwance tsakanin itatuwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da ya ce ruwan yana cikowa ya janye sau biyu kullum, inda ka bi da hantsi ka dawo da azahar ka tarar da laka. To ga wanda bai taɓa riƙe inji ba, wanne ya fi haɗari? Iyo na iya, amma irin na yara ne, na bakin gaɓa. Allah ya saka da alheri.

Mai Inji:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, aikin da ake kiranka ka yi na yi shi, kuma a wannan hanyar, kafin in dawo gida in haɗa nawa jirgin. Abokin yayanka bai yi maka ƙarya ba, rabin zance dai ya ba ka.

Rafukan da ke tsakanin Fatakwal da Bonny teku ce ke juya su. In ta ciko sai ta turo ruwa cikin kogi, ya riƙa gudu yana nufar tudu wajen awa 6. Ya ɗan tsaya kaɗan, sannan ya juya ya koma teku wasu awa 6 ɗin. Kai ka tashi ka ga gulbi kullum hanya ɗaya yake gangarawa, daga Lolo ya wuce ta gabanku ya nufi Kainji. Duk abin da jikinka ya saba da shi a kan wannan aka gina shi, ko ba ka sani ba: ta inda za ka tunkari gaɓa, inda jirgi zai karkata in ka rage wuta, inda za ka nemi hular da ta faɗa ruwa. A can, da safe ka zo mashiga ta dama, da la'asar dole ka zo mata ta hagu, don jirgi da hancinsa yake fuskantar gudun ruwa in zai tsaya. Wanda ya zo da ruwa a bayansa, gadar katakon mashigar ce za ta tsayar da shi, kuma ba da daɗi ba.

Babban abin da nake so ka yi tunani a kai shi ne mutuwar inji. Inji yana mutuwa, na kowa, ko fulogi ko ruwa a cikin mai ko leda ta naɗe farfela. A gida in ya mutu ruwa zai tafi da kai ƙasa sannu a hankali, ga ƙauyuka, ga masunta, ka ɗaga filafili wani ya gan ka, wataƙila ma ya san kawunka. A can in ya mutu lokacin da ruwa ke janyewa, bakin teku za a kai ka, inda kogi ya buɗe ba ka ganin ɗayan gefen sosai, ga manyan jiragen dakon gas da na mai suna wucewa. Irin jirgin nan ba ya birki don kai, ba ma lalle matuƙinsa ya gan ka ba. Raƙuman ruwan da yake bari a bayansa kaɗai sun isa su cika jirgin da aka yi wa lodin albasa har wuya, in sun same shi ta gefe. Shi ya sa matuƙin kirki a can ba ya fita babu anga, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, da doguwar igiya, a ɗaure, a shirye, ba a ƙarƙashin buhuna ba. Mu nan mutum nawa ne ke yawo da anga? Gora ce kawai da filafili.

Sai laka. Ba irin taɓon fadamarmu ba ce da za ka tattare wando ka tura jirgi. Baƙa ce, mai laushi, mai wari, ka sa ƙafa ta shige har cinya, ka yi yunƙurin zaro ta ɗayar ta nutse. In ruwa ya janye ya bar ka a kanta, babu dabara sai zama cikin jirgi har ya dawo, kuma in a farkon janyewa ka kafe, awanni masu yawa ne. Na ga jirgin tumatir ya yini a haka cikin rana, masu kaya suna ta zagin yaron da ke tuƙi, shi kuwa ƙasa da rabin awa ya makara wajen tashi. Tumatir ya tafi. Wannan asarar kuɗi ce kawai, da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne dare ya same ka a can cikin rafi, ga sauro, ga 'yan fashin ruwa, waɗanda duk mai bin hanyar ya san da zamansu, kuma injin jirgi suka fi so.

Ɗaure jirgi ma karatu ne. Ka ɗaure shi tamau lokacin da ruwa ya cika ka tafi cin abinci, ka dawo ka tarar ruwa ya sauka jirgi na rataye da igiya ya karkace, kaya sun zube. Ka ɗaure shi gajere lokacin da ruwa ya sauka, in ya ciko igiya ta danne hancinsa, ko gefensa ya shige ƙarƙashin gada ruwa ya yi ta tura shi sama har ya sha. Jirgi yana nutsewa a mashiga babu kowa a ciki, babu iska, babu hadari.

Hanya kuma, rafukan nan duk kama ɗaya gare su, itacen gefe iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, babu tsamiya babu giginya da za ka yi alama da ita. Bakin rafin da ka shaida da ruwa a cike, in ya sauka ba za ka gane shi ba. Gishiri kuwa yana cin inji da kusoshi, sai ana wanke shi da ruwan daɗi, amma wannan ciwon kan mai jirgi ne, ba naka ba.

Ni a ganina, abu biyu ne za ka koya: jirgi da ruwa. Kada ka haɗa su rana ɗaya a wurin da ba ka jin yaren mutane in ka yi ihu. Zauna da kawu ka ga rani ka ga damina, hannunka ya san inji, ka iya kwance fulogi ka mayar da shi alhali jirgi na rawa, ka iya tsayar da jirgi mai lodi ba tare da ka buga gaɓa ba. Bayan nan in ka so kudu, ka tafi a matsayin yaron jirgi. Maganar wai cikin 'yan watanni a sakar maka inji, ita ce ta fi ba ni tsoro a duk abin da ka rubuta.

Basarken Gungu:

Salamu alaikum. Ɗana ke rubuta mini, ni ban iya latsa wayar nan ba. Ya karanta mini maganar Mai Inji, na ji, kuma bai faɗi ƙarya ba. Sai dai kada yaron nan ya tashi da tunanin ruwan gida ruwan wasa ne. Mu Sarkawa da kakanninmu suka rayu a kansa ba mu ɗauke shi haka ba.

Ɗana, ruwan da suke magana yana da lokaci. An san sa'ar da zai zo, an san sa'ar da zai tafi, har a takarda ake rubutawa. Namu ba ya yi wa kowa alkawari.

Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya hau ya rufe gonaki, ya rufe dazuzzuka, ya rufe garuruwa, har tsohuwar Bussa. An kwashe mutane sama da 40,000 an sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da ke zaune a tsibirai. Mutane aka kwashe, itatuwa da yawa suna nan inda suke. Sun mutu a tsaye, ruwa bai cinye su ba, sai ma ƙara tauri da suka yi. In tafki ya cika suna can ƙasa, ka wuce ta kansu ba ka sani ba. In ya sauka sosai suna fitowa ka gan su ka kauce. Mugun lokaci shi ne tsakani, sa'ad da kan kututture ke ƙasa da fuskar ruwa da taƙi ɗaya ko biyu. Ba ka ganinsa, jirgi na gudu da lodi, sai ka ji ƙara, katako ya tsage. Tsakanin cikar tafkin nan da saukarsa a shekara ana samun wajen mita 10. To ka ga hanyar da kawunka ya bi da kaka ba ita zai bi da bazara ba. Wannan ba a takarda yake ba, a kan kawunka yake, shi ya sa ake zama gefen babba a yi shiru a kalli inda yake karkata hannu.

Ruwa biyu muke samu a shekara. Akwai farin ruwa na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka, mai gudu, yana ɗauko itace da ciyawa da mushe, yana cin gaɓa yana sauya wa yashi wuri. Akwai baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu, ruwan saman da aka yi can ƙasar Gini ne, sai ya ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa kafin ya iso mana, shi ya sa yake zuwa garau kuma a makare. Baƙo zai yi mamaki, ana tsakiyar sanyi, ko ɗigo ba a yi ba, ga gulbi yana ƙaruwa. Lokacin ne kuma hazo ke rufe ido, ka bar gaɓa kaɗan ka rasa gabas da yamma.

Amma ni abin da na fi jin tsoro iskar farkon damina ce. Can ƙasa inda tafki ya buɗe, faɗinsa ya haura kilomita 20 a wani wurin. Ka tashi rana tsaka sama fes, kana tsakiya hadari ya haɗo daga gabas, kafin ka ce me iska ta iso. Ruwan da kake ganin kwance sai ya tashi tsaye, kuma jiragenmu masu shimfiɗaɗɗen ciki ba don wannan aka sassaƙa su ba. Matuƙin da ya sani ba ya jiran iska, da ya ga gabas ta yi duhu, ya ga tsuntsaye sun bar ruwa, sai ya nemi bayan gungu ko da fasinja na zaginsa.

An ce a can babu dorina. Nan akwai, kuma mai ɗa ba ta son ƙarar inji kusa da ita. Akwai tarun masunta da mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, da aka shimfiɗa ba alama sai 'yar gora ko jarka, akwai kainuwa da ke toshe hanya ta naɗe farfela.

Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, jirgin da ya taso daga jihar Neja zai zo Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ya rabe a tsakiyar ruwa da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan suka fita. Allah ya jiƙansu da rahama. Babu teku a wurin, babu cikowa babu janyewa.

Duk da haka ni ma gida na ce ka fara. Ba don ya fi sauƙi ba, don kana da kawu. Da ɗan gari akan ci gari. Iyon bakin gaɓa kuwa kada ka ƙidaya shi cikin iyo. Sai ka iya kifar da kwale-kwale da gangan a ruwan da ya fi ƙarfin tsayinka, da tufafi a jikinka, ka juyo shi ka kwarfe ka hau, sannan ka zo mu yi magana.

Malam Na Argungu:

Baba Basarke, Allah ya ƙara girma. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa, jirgi kuwa fasinja ne ni kawai. Zan ɗan ƙara lissafi a kan abin da Mai Inji ya faɗa, don Ɗan Yelwa ya ga cewa abin yana da ƙa'ida.

Jan wata ne, tare da na rana, ke sa teku cikowa da janyewa. A gaɓar Najeriya ana samun cika biyu da sauka biyu cikin awa 24 da minti 50 ko kusa da haka. Wannan minti 50 ɗin shi ke rikita baƙo: in yau ruwa ya cika ƙarfe 8 na safe, gobe sai wajen 9 saura minti 10, bayan mako guda kuma a wannan sa'ar ruwa a sauke yake. Wanda ya haddace "ƙarfe takwas ake wuce wurin nan" zai kwana a laka.

Mu da muke bin kwanan wata muna da sauƙi a nan. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, wajen 14 da 15, rana da wata suna ja ta layi ɗaya, sai ruwa ya cika fiye da kullum, ya sauka fiye da kullum, gudunsa ma ya fi ƙarfi, kuma abin kan kai maƙura kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Wajen 7 da 8 ga wata, da 22 da 23, abin yana lafawa. Mai koyo a kwanakin lafawa ya kamata a fara ba shi inji.

Ruwan kuma ba daidai wa daida yake hawa ko sauka ba. Matuƙa suna raba shi kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. A ce tsakanin cika da sauka santimita 180 ne. Awar farko 15 kawai zai ragu, ka ce ai ba komai. Ta biyu 30. Ta uku da ta huɗu 45 kowace, wato rabin ruwan gaba ɗaya cikin awa biyu yake tafiya, kuma a nan gudunsa ya fi tsanani. Yaron tumatir ɗin da Mai Inji ya ba da labari, a nan ya faɗa.

Ga mai kuma. Jirgi mai lodi da ke yin kilomita 10 a awa, in ruwa na gudun kilomita 4 yana tura shi, 14 yake yi, in yana tare shi 6. Tafiyar kilomita 20 ke nan ko ƙasa da awa ɗaya da rabi, ko awa 3 da minti 20, da jarka ɗaya.

Girman abin ya danganta da wuri. A Legas bambancin bai cika wuce mita 1 ba, yana ƙaruwa in ka yi gabas, wajen Bonny kusan 2, Kalaba kusan 3. Namu ma mai sauƙi ne. Kogin Thames a tsakiyar Landan yana kaiwa mita 7. A mashigin Fundy na Kanada ana samun har mita 16. Sojojin ruwan Najeriya suna fitar da jadawalin cikowa da janyewa na tashoshinmu, akwai kuma manhajojin waya. Sai dai jadawalin na tasha ne, can cikin rafi ruwa yakan makara, kuma ruwan sama mai yawa ko iska na iya sauya shi kaɗan.

Abu ɗaya da Mai Inji bai taɓo ba: in ruwa na janyewa ya nufi teku, iska kuma na busowa daga teku, sai su yi karo, raƙuman ruwa su zama gajeru masu tsayi, suna bugun jirgi a jere ba hutu. Wurin da ka wuce lafiya da safe, iska ba ta ƙaru ba, ruwa ne kawai ya juya, ya zama wani abu dabam. A bakin kogi inda yashi ya taru ya fi muni.

Ta ɓangaren gida kuma, rashin teku ba ya nufin ruwa ba ya hawa farat ɗaya. Duk wanda ke ƙasan madatsa ya sani, ko ƙasan Kainji da Jebba, ko mu nan da gulbin Rima ke kawo mana ruwan madatsar Goronyo. Mutanen Argungu ba su manta ambaliyar 2010 ba.

Hajiya Mai Kifi:

Ku maza kuna ta lissafin wata da taurari. Ni fatauci nake yi, busasshen kifi nake saya a kasuwannin bakin ruwa tun wannan yaron bai san hannunsa na dama ba, kuma a cikin jirgi nake zama, ba a bayan inji ba. Bari in faɗa muku abin da mu muke gani daga ciki.

Abin da ke kashe mutane lodi ne, da dare, da ruɓaɓɓen katako, da rashin rigar ruwa. Ranar kasuwa za ka ga an zuba buhuna, an ɗora babura, an sa tumaki, sannan a ce mata ku matsa. Ka sa hannu ta gefe ka taɓa ruwa ba tare da ka sunkuya ba. Yaro ɗaya na ta kwarfar ruwa da gwangwani tun daga tashi har sauka. A irin wannan jirgin ba sai teku ta zo ba, wani ya miƙe tsaye ma ya isa. Na Patigi a jihar Kwara, watan Yunin 2023, 'yan biki ne ke dawowa cikin dare, sama da mutum 100 suka tafi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa riga, an kuma rarraba rigunan a wurare da dama. Amma mu kanmu fasinja mu ne ke cewa direba yi sauri magariba ta yi, mu ne ke cewa rigar zafi gare ta, wasu har su yi matashi da ita.

Ɗana, ni ba ruwan zan tambaya ba, mutumin zan tambaya. Kawunka yana iya cewa "ya isa, jirgi ya cika" ya bar kuɗi a gaɓa? In yana iyawa, zauna da shi ko ba ko sisi. In shi ma irin masu cewa Allah ya kiyaye ne su ƙara buhu goma, to abin da zai koya maka ke nan, kuma gara ka nemi wani. Shi na Fatakwal ɗin ba ka san shi ba, ba ka ga jirginsa ba, yayanka ma bai gani ba.

Mahaifiyarka kuma kada ka tsallake maganarta ka hau ruwa. Wannan ba sai na yi bayani ba.

Ɗan Yelwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Basarke, na karɓi gyara a kan iyo. Hajiya, kawu yana da faɗa a kan lodi, har wasu na cewa ya cika tsoro, amma riguna guda nawa ne a jirginsa, ba su kai yawan mutanen da yake ɗauka ba. Na nuna wa yayana duk abin da kuka rubuta, ya ce in fara da kawu bayan sallah, shi zai riƙa ba ni wani abu daga shago.

Sauran tambaya ɗaya, Yaya Mai Inji. In na ce wa mutumin Fatakwal ba yanzu ba, wataƙila gurbin ya wuce ni. In kuma wani ya sake samuwa nan gaba, me zan tambaya kafin in hau mota? Kuma wace irin riga zan saya, tunda na ga iri-iri?

Mai Inji:

Gurbi zai wuce, wani zai zo. Yaran jirgi a can ba sa daɗewa, kullum ana nema.

Riga ka sayi taka ta kanka, kada ka dogara da ta jirgi. Ka nemi mai abin wuya da ke tallafe kai, mai launi mai haske, ruwan lemo ko ɗorawa, wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka ya dace da naka. In da mai maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, ita ce, don sakakkiyar riga tana zamewa ta kai da zarar ka faɗa ruwa. Ka matsa soson ciki, in ya yi taushi ya lotse ko ya sha rana ya farfashe, bar musu kayansu. Ka ɗaura mata usur. Sannan ka shiga da ita gulbi inda kawu ke kallonka, ka saki jiki ka ga ko tana juyo da fuskarka sama. Wayarka a cikin leda mai zif, a wuya. Injin kawu in yana da 'yar jar igiyar nan da ke kashe shi in matuƙi ya faɗa ruwa, ka saba ɗaura ta a hannu tun ranar farko, mutanenmu cire ta suke yi su rataye.

Na kudu kuwa, ka ce a turo maka hoton jirgin, ciki da waje, da lodi a kansa. Ka tambaya wa ke tuƙi yanzu, shekara nawa ya yi a hanyar, kuma me ya raba su da yaron da ya bari. Ka tambaya ko suna tafiyar dare, ko akwai anga da filafili da inji na biyu ko da ƙarami ne, ko jirgin na da rajista. Ka yi wa matuƙin da kansa tambaya a waya: gobe ƙarfe nawa ruwa zai cika? In ya amsa nan take, ko ya ce bari in duba, da dama-dama. In ya yi dariya ya ce su ba sa duba wannan, ka yi masa godiya ka kashe wayarka.

Kuma ku yi maganar kuɗi a fili tun kana gida, gaban yayanka: in farfela ta karye, ko kaya suka jiƙe, ko aka ƙwace inji, a albashin wa za a cire. Da yawa a na yaro suke cirewa.